Hayaƙin da Na Kai Ibadan a Robar Ƙwallo

Tun da na dawo daga Ibadan ban sami sakat ba. In na zauna a gindin darbejiyar ƙofar makaranta sai a ce, "Garba, wai da gaske hayaƙi ka zuba a kwando ka kai wa Yarbawa?" In na shiga kasuwa ma haka. Har mai shayin tasha, wanda bai taɓa wuce Malam Madori ba, yana da tasa ruwayar, kuma a cikinta jirgin sama na hau. To na gaji da gyara ƙaryar mutane. Ga yadda abin ya faru, in kun karanta ku ƙyale ni in huta.

Aikina kula da ɗakin gwajin kimiyya na makarantarmu a nan Haɗeja, in wanke kwalabe in jera kaya kafin darasi. Amma asalina wani ƙauye ne a fadama, gabas da Guri, kuma wadda ta raine ni bayan rasuwar mahaifiyata ita ce Gwaggo Hansai, ƙanwar mahaifina. Fura take damawa tana kai wa masu aikin lambu. Bara manoman garin suka haɗa hannu suka sayi injin ban ruwa mai shan fetur, suka gina masa ɗan ɗakin laka a bakin kogi, samari biyu suna kwana a ciki suna gadinsa. Wata safiya aka tarar da Isa ɗan Malam Gambo ya cika, abokin kwanansa Audu kuma a sheme a bakin ƙofa. Da Audu ya fara farfaɗowa yana sambatu, sunan Gwaggo ya yi ta kira, domin furarta suka sha kafin su kwanta. Kafin azahar gari ya gama yanke hukunci cewa mayya ce, ta kama kurwar yaran.

Wanda bai zauna a ƙauye ba ba zai san nauyin wannan kalma ba. Mata suka daina zuwa rijiya in tana can. Aka janye yara daga ƙofar gidanta. Dangin Isa suka rantse sai ta bar garin, har sai da Bulama, mai garin, ya ɗauke ta ya ajiye a cikin gidansa don kada a taɓa lafiyarta. Mace mai shekaru irin nata, ina za ta je da wannan suna a kanta?

Na kai kukana wurin Mista Rawo, Ba'indiyen da ke koyar da kimiyya a makarantarmu. Ya goya ni a babur ɗinsa muka je muka duba ɗakin. Yana ganin bututun hayaƙin injin ya dafe kai. Maimakon ya fita ta ramin da aka huda masa a bango, an lanƙwaso shi ciki, an toshe ramin da tsumma. Ni kam ban ga abin dafe kai ba. Mu a fadama hayaƙi abokin zama ne. Da shi muke bandar kifi, da shi makiyayi ke kore wa shanu ƙuda, kuma da yamma kowane gida sai ya turara busasshen kashin shanu, in ba haka ba sauro ya ɗaga mutum daga tabarma. Duk wanda ya ga hayaƙi yana fita waje a banza, janyo shi ciki zai yi.

Mista Rawo ya ce hayaƙin nan ne ya kashe yaron. Muka rufe kaza a ɗakin muka tayar da injin, ta mutu. Mutane suka ce yo dama mayya tana ƙyale kaza ne? Muka tafi gaban Hakimi, ya saurare mu har ƙarshe, sannan ya ce, "Malam Garba, kakata ta tsufa a bakin banda, hayaƙi har ya rina mata ido, ba ta tafi ba sai da kwananta ya ƙare. Me ke cikin wannan hayaƙin da babu a wancan? Ku nuna mini, ni ma in sami abin faɗa wa jama'a. Zan riƙe su zuwa tsayuwar wata. Bayan nan ba ni da bakin hana su."

Mista Rawo ya ce akwai na'urar da ke haska hayaƙi ta faɗi abin da ke cikinsa, kuma ya san wani Dokta Bisi da ke aiki da ita a jami'a a Ibadan. Haka ya faɗa da Turanci, ni kuma na ɗauka namiji ne. Muka ciro robar cikin ƙwallo guda uku sababbi daga kayan wasan makaranta. Muka rufe ɗakin injin babu kowa a ciki, muka zura siririn tiyo ta ƙarƙashin ƙofa, muka yi ta matsa famfon hannu har biyu suka cika tam, na ɗaure bakinsu da jan zare. Ta ukun muka cika ta a kan bandar wata maƙwabciya, na ɗaure da baƙi. Mista Rawo ya ja mini kunne cewa roba tana sace iska a hankali, kada in yi wasa a hanya. Wannan maganar ita ta hana ni sukuni tun daga Haɗeja har Ibadan.

A motar Malam Madori rigimar farko ta tashi. Yaron mota ya fizge kwandon da na sa robobin a ciki zai cilla shi sama cikin buhunan kifi, na riƙe gam. Ya ɗaga ya ji ba nauyi, ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Malam, kwando ne fanko kake wa wannan gata?" Na rungume abina a cinya kamar jariri. Wata tsohuwa a gefena ta yi ta tambaya ko ƙwai ne, na ce mata eh, don na ga gaskiyar za ta fi ƙaryar wuyar bayani.

Jirgin ƙasan Nguru ya kai mu Kano muna ta ƙamshin banda, daga nan na shiga na kudu. Allah ya haɗa ni kujera ɗaya da wani Alhaji Bala, Bakatsine mai fataucin goro. Yana jin na ce Haɗeja ya tafa hannu ya ce, "Alhamdu lillahi, na sami bawa mai ɗaukar mini buta!" Na ce, "Alhaji, Bakatsine ai sai dai ya ɗauki tamu." Kun san yadda wasanmu da su yake. Bai bar ni ba sai da na buɗe kwandon, da ya ji abin da ke ciki kuwa ya yi dariya har hularsa ta faɗi. Amma da na gaya masa dalili sai ya daina dariya ya ce, "Allah ya fid da ita. A garinmu na ga an yi wa wata, har ta mutu ba a ci abincin hannunta ba." Daga nan ya gyara kayansa ya ba kwandona wurin da rana ba ta bugawa.

Bayan mun wuce Kaduna na sa hannu na taɓa robobin. Ɗaya daga masu jan zare ta yi laushi, yatsa yana nutsewa a jikinta. Na ƙara ɗaure bakin, na kanga kunne ko zan ji tsiyaya, ban ji komai ba sai ƙarar ƙarfe. Daga nan duk tashar da muka tsaya, mutane na leƙa taga suna sayen rake da gyaɗa, ni ina tsugune ina latsa roba. Alhaji ya ce in na ci gaba da latsawa ni zan ƙarar da ita da hannuna. Gaskiya ya faɗa, amma hannun ya ƙi zama.

A Jebba kuwa rigima ta biyu ta tashi. Saboda yaƙin basasan nan da ake yi, kafin jirgi ya hau gadar Kwara sai kowa ya sauko da kayansa sojoji su bincika. Wani kofur baƙi mai tsage a kumatu ya ɗaga zanen da na rufe kwandon, ya ga abubuwa uku a kumbure da zare a baki, sai ya ja da baya ya gyara riƙon bindiga.

"Mene ne wannan?"

"Hayaƙi ne, ranka ya daɗe."

"Kana wasa da ni?"

Na miƙa masa takardar Mista Rawo, bai ko kalle ta ba. Mutane suka dare suka bar ni tsaye ni kaɗai. Sai ga Alhaji Bala ya matso yana gyara babbar riga ya ce, "Kofur, kada ka wahal da kanka. Bahaɗeje ne. Kifin sun cinye, ƙamshin ya ɗauko zai kai wa surukansa tsaraba." Kofur ya yi ƙoƙarin ɗaure fuska ya kasa. Amma duk da dariyar ya ce sai an buɗe ɗaya ya gani da idonsa, kuma shi zai zaɓa. Na yi ta addu'a a zuci ya ɗauki mai laushin. Ina! Ya sa hannu ya ɗauki mai jan zaren da ta fi kowacce tauri. Na roƙe shi ya kawar da fuska, na kwance zaren da kaina, ina ji ina gani ta saki abin da ke cikinta a iskar Jebba. Ya shaƙi warin fetur ya yamutsa hanci, ya ce mu wuce. Ban ga laifinsa ba, aikinsa yake yi. Amma da muka hau gadar nan kowa na kallon faɗin ruwa yana salati, ni hawaye ne a idona, domin duk abin da ya rage wa Gwaggo a duniya roba ɗaya ce mai laushi.

Ibadan gari ne da ba ya ƙarewa, tudu bayan tudu, rufin kwano duk ya yi tsatsa. Alhaji ya kai ni Sabo, unguwar Hausawa, wurin mai masaukinsa. Nan kam sai ka ce kana Fagge, har mai kiran salla muryar gida gare shi. Amma da ka tsallaka titi ka shiga wata duniya. Na ga saurayi da wando mai kari ya kwanta rub da ciki a ƙasa yana gai da tsoho, mu da muke ganin durƙusawa ta isa ladabi. Kasuwa kuwa mata ne ke riƙe da ita, su ne ciniki su ne faɗa. Na sayi wani tuwo baƙi sulɓi da suke kira amala, miyar na duba na ga lalo ce irin tamu, na yi murna na kai loma. Jama'a, barkonon da ke cikinta ya isa gidanmu shekara. Na sha ruwa har mai abincin ta tausaya mini ta ƙaro mini nama.

Abin haushi, ranar Asabar da yamma muka sauka, jami'a kuma sai Litinin. Lahadin nan ban san na yi ta ba. Na ajiye kwandon a bayan randa inda ya fi sanyi, na zauna ina gadinsa, ina lissafin kwanakin wata. Robar ta koma kamar gwandar da ta kwana biyu a rana.

Litinin da sassafe na isa. A ƙofar ɗakin na tarar da wani mutum da kwat da laktaye, na cire hula na zube ina "Barka da asuba, Dokta." Ashe masinja ne. Wata mace gajera da farar riga tana tsaye a gefe tana kallona, sai da na gama zuba ladabi ta miƙo hannu ta karɓi takardar ta ce ita ce Dokta Bisi. Na so ƙasa ta tsage in shige. Ita kuwa ko a jikinta, robar ta ɗaga ta auna a tafin hannu, ta ce da Turanci, "Wannan cika ɗaya kawai za ta yi. In muka yi kuskure babu na biyu."

Ɗakin na'urar sanyi ƙalau, ita kuma na'urar doguwa kamar adakar amarya. Dokta ta ciro wata kwalba mai kama da gorar ruwa a kwance daga cikin tulun gilashi, ta nuna mini tagoginta biyu masu haske garau, ta ce na gishiri ne. Na zaci zolaya ce. Ta ce a'a, irin hasken da na'urar ke aiki da shi, wanda ido ba ya gani sai dai fata ta ji ɗuminsa, ba ya ratsa gilashi sosai amma yana ratsa gishiri. Don haka kada in taɓa, kada ma in yi numfashi a kusa, danshi yana cinye su. Ni da na jiƙe sharkaf da gumi na ja baya na manne da bango.

Ta yi mini bayani yadda zan iya maimaitawa a gida. Hayaƙi ba abu ɗaya ba ne, taron iskoki ne iri-iri. In aka haska shi, kowace iska tana da nata yankin hasken da take shanyewa, ba ta taɓa na wata. Na'urar tana bin hasken daki-daki, duk inda ta ga an shanye sai alƙalaminta ya nutsa ƙasa a kan takarda. Wurin da ya nutsa shi ke faɗin wace iska ce, zurfin kuma shi ke faɗin yawanta.

Da na banda ta fara. Ta zuƙe iskar kwalbar, ta bi da hayaƙin ta cikin wani tiyo mai farin tsakuwa don ya tsane danshi, ta kunna. Alƙalami ya kama tafiya a hankali kamar hawainiya. Ya nutsa sosai a wani wuri, ta ce wannan iskar da muke fitarwa ce in mun yi numfashi, kowace wuta tana yin ta. Kusa da nan ya yi ɗan lotsawa mai baki biyu, ƙanƙane, kamar sawun ɗan akuya a laka. Ta sa fensir ta kewaye shi ta ce, "Wannan ita ce kabon monoksaid. Ba ta da launi, ba ta da wari. Ka ga a bandar ma akwai ta, amma kaɗan, don a fili ake yi."

Sai ta ɗauki ta injin, mai laushin. Ta matse ta a hankali har ta zama fata, ta rufe famfo. Ban san lokacin da na fara karanta duk addu'ar da na iya ba. Alƙalami ya taho, ya taho, ni ina bin sa da ido. Da ya iso daidai wurin nan sai ya sulale ƙasa, ya ɗan ɗago, ya sake sulalewa. Sawu iri ɗaya sak, amma wannan na bijimi ne. Dokta ta gwada shi da wata takarda da suka auna da iskar da suka san yawanta, ta yi ɗan lissafi, ta cire tabarau ta ce ko da abin da ya tsere a hanya, wanda ya rage ya isa ya kashe mai barci. Ta ce mai shaƙarta ba ya jin komai sai nauyin kai da barci mai daɗi, in kuma ya tsira hankalinsa kan gushe ya yi ta kiran abin da ya gani na ƙarshe. Na zauna a ƙasa daɓas, ban damu da masinja ba.

Ta rubuta bayani ta sa hannu, ta naɗe mini takardun biyu. Ina shirin fita ta ce, "Wa ya juyo bututun ciki?" Na ce ban sani ba, a wurinmu kowa ma zai iya. Ta ce, "To ku bi shi a hankali." A lokacin murna ta hana ni jin maganar. Sai da jirgi ya tsallake Kwara ta dawo mini, ta zauna mini a ƙirji har Malam Madori.

Na iso wata bai tsaya ba. Hakimi ya tara dattawa a zaurensa, da Liman, da Bulama, da Malam Gambo mahaifin marigayi a gaba, fuskarsa a murtuke. Na shimfiɗa takardun a tabarma gefe da gefe. Ba mai karatun boko a cikinsu, amma babu wanda bai iya karanta sawu ba. Na nuna musu ƙaramin na nuna babban, na faɗi abin da Dokta ta ce. Liman ya daɗe yana dubawa, ya ce, "Wato dabbar ɗaya ce. A banda 'yar ƙarama ce kuma a sake take, a nan kuwa ta girma an kulle ta da yara." Na ce haka ne, Allah gafarta Malam. Zaure ya ɗauki guna-guni, na ga kawuna suna gyaɗawa, na ji wani abu ya sauka daga kafaɗata.

Sai Hakimi ya yi tambayar da nake tsoro. "To wa ya juyo bututun nan ciki?"

Na sunkuyar da kai ina roƙon Allah kada kowa ya amsa. Can sai na ji murya ta ce, "Ni ne, ranka ya daɗe." Malam Gambo ne. Ya ce, "Yaron ya zo gida fuskarsa duk ta kumbura da cizon sauro, uwarsa ta ce in yi wani abu. Ni na je na lanƙwasa shi da hannuna. Tsumman ma tsohuwar rigata ce." Liman ya matsa ya riƙe shi yana cewa ƙaddara ce, kwana ne ya ƙare, shi kuwa hannuwansa kawai yake kallo. Hakimi ya ce a yi shela a gari cewa Hansai ba ta da laifi, kuma kada wanda ya sake kwana ɗaki ɗaya da inji. Ban tsaya jin sauran ba.

Na sami Gwaggo a bayan gidan Bulama tana tsince gero. Ta rame har wuyanta ya fito. Na durƙusa na ce, "Gwaggo, an wanke ki." Ta ce alhamdu lillahi, ba ta ɗago ba. Sai na gaya mata sauran, don na san za ta ji a bakin wani. Hannunta ya tsaya a cikin faifan. Sannan ta ce, "Ni an wanke ni, Garba. Shi Gambo wa zai wanke shi?"

Ta ture faifan gefe, ta miƙe ta yafa mayafinta, ta ce in wuce gaba in raka ta, tun da aka yi rasuwar ba a bar ta ta yi wa uwar Isa gaisuwa ba.